Golmo a Ɗakin Tiyata

Ni nas ne a ɗakin maza na wani asibiti a nan Zuru. Ba zan faɗi sunansa ba, tunda har gobe a can nake cin abinci. Aikina kowa ya san shi: awon jini, ƙarin ruwa, wankin ciwo, rabon magani, da faɗa da 'yan dubiya masu cika ɗaki kamar ranar kasuwa. Ban raina aikin ba, shi ya yi mini aure, shi ya sa 'ya'yana makaranta. Amma ba shi raina ke so ba. Abin da nake so shi ne in zama mai sa barci a ɗakin tiyata, wato nas ɗin da ke kashe wa majinyaci jiki ko ya sa shi barci kafin likita ya sa wuƙa, ya kuma tsare numfashinsa har a gama. Wannan aikin sai an tura mutum kwas ya dawo da takarda. Ni hannu gare ni, takardar ce babu. Yadda aka yi haka ta faru kuwa, har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Wata Alhamis abin ya faro, don a asibitinmu Alhamis ce ranar tiyata. Na tura wani manomi daga wajen Ribah a kan gadon turawa, za a yi masa aikin gwaiwa. Mutumin ƙato ne, amma jikinsa sai rawa yake, kuma Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba. Mai sa barcinmu na lokacin wani dattijo ne gajere, maras yawan magana, kowa Oga yake ce masa, har likitoci. Ya dube ni ya ce, "Kai, kana jin yarensa? To sa takunkumi ka tsaya, ka ce masa ya zauna ya rungumi matashi."

Na tsaya. Oga ya bi bayan mutumin da babban yatsa yana ƙirga ƙasusuwa, ya goge wurin, ya zura wata siririyar allura, ko tari mutumin bai yi ba. Kafin a jima ƙafafunsa sun mutu. Likita na can yana yanka a bayan labule, ni da mai gwaiwa muna nan muna hirar dawarsa da tsuntsaye suka dama. Wallahi na fito daga ɗakin nan kamar wanda aka yi wa asiri. Na bi Oga har wurin wanke hannu na ce ina so in riƙa zuwa ina kallo.

Ya ce, "Ranar hutunka ce. In ka ga dama ka ɓata ta."

Na ko ɓata ta. Na bi abokan aikina ɗaya bayan ɗaya ina musayar rana da su don hutuna ya riƙa faɗawa Alhamis. Ba wanda ke ba ka Alhamis a banza, sai ka karɓi Lahadinsa. Haka na zama baƙo a coci, har wani dattijon coci ya tare matata yana tambayarta ko lafiya nake. Kirsimeti nawa na ci a ɗakin maza, ban ƙirga ba. Matata tana sayar da hatsi a kasuwar Zuru, kuma bakinta bai san kwana ba. Takan ce, "Sannu mijin asibiti. Yau ma can za ka? A gaishe mini da su, a ce na gode da aron da suke ba ni."

Da farko safar hannu kawai nake miƙawa. Daga baya Oga ya bar ni in ja magani a sirinji, sai riƙe numfashi, sai wata rana ya kama yatsana ya ɗora a bayan wata mata ya ce, "Ji nan. A'a, ba da ido ba, rufe idon." Shekara ta uku na fara sa allurar baya da kaina, yana tsaye a kafaɗata. Da idonsa ya fara rauni, sai ya zama shi ke zaune a kujera ni ke aikin. Sunansa ake rubutawa a littafin tiyata, kuma ban taɓa jin komai ba, ai shi ne mai takarda. Masu shara ma magajin Oga suke kirana. Shugabar ma'aikatan jinya, wadda muke ce wa Mama, in ta gan ni da koren kaya ranar hutuna sai ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗana, Allah ya biya." Ni kuma in yi ta murmushi kamar an ba ni kyautar saniya, na ɗauka alkawari ne.

Dole in faɗi inda na samo wannan wauta. Ni ɗan Dabai ne, kuma da labarin golmo aka yaye ni. A wurinmu, a zamanin iyayenmu, saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa mahaifinta noma damina bakwai, shi ne golmo. Babana ya yi shi a gonar kakana na wajen uwa. Muna yara, in muka yi ƙorafin ciwon baya a gona, sai ya nuna mana kantar hannunsa ya ce, "Namiji ba ya roƙo da baki, garmarsa ke roƙa masa." Wannan maganar na ɗauka na shiga da ita aikin gwamnati. Na ce a raina, in na yi aiki na yi shiru, ranar da gurbin kwas ya fito, kirana za a yi. Har ƙirga damina nake yi, ina jin daɗi da na ga ta kusa bakwai.

A damina ta bakwai ɗin kuwa gurbin ya fito, saura wata kaɗan Oga ya yi ritaya. An liƙa takarda a allon sanarwa na bakin ofishin Mama: mutum ɗaya za a tura kwas ɗin sa barci, mai so ya rubuto ta hannun shugaba kafin ƙarshen wata. Kada wani ya ce ban gani ba. Na gani, na karanta har sau biyu, na yi dariya. Na ce wannan don cika ƙa'ida ne, don kada a ce an yi son kai. Ni in zauna in rubuta wa Mama wasiƙa ina roƙo, kamar baƙo? Ai kamar in ce ban yarda da ita ba ne. Matata ta ce, "Ka rubuta mana, biro zai cije ka?" Na ce mata ita ta san mudu, ni na san asibiti.

Wata ya ƙare. Sati biyu bayan nan na ji masu shara suna taya wani murnar samun gurbin. Ƙanina ne a aiki, da shekara takwas na riga shi shigowa, ni na koya masa neman jijiya a hannun yaro. Sau uku ya taɓa leƙa ɗakin tiyata, ɗaya ma jiri ya kwashe shi.

Na ajiye tiren magani na nufi ofis. Ko sallama ban yi da kyau ba.

"Mama, me nake ji?"

Ta cire tabarau ta ce, "Zauna, ɗana."

"Ba zan zauna ba. Shekara bakwai, Mama! Kowace Alhamis ta Allah!"

Ta jawo wani fayil ta buɗe a gabana. Takarda ɗaya ce tak a ciki. Ta ce, "Ga abin da ya zo mini. Ina taka? Na jira ta har ranar ƙarshe. Na ɗauka ka fasa ne, ko iyali sun hana."

"Sai na rubuta? Ba ki ganina?"

"Ina ganinka. Amma ba ni ke zaɓe ba, can sama ake zaɓe, su kuma fayil suke gani. Shekara bakwai ɗinka ba ta cikin fayil. A jadawali kai ɗan ɗakin maza ne, Alhamis kuma kana hutu."

Na ce me ya sa ba ta kira ni ta tuna mini ba. Ta ce, "Ka taɓa buɗe baki ka ce mini kana son kwas ɗin nan? Ko sau ɗaya?" Na tsaya ina lalube a kaina, Alhamis bayan Alhamis. Ban taɓa ba. Haushi ya kama ni har kunnena ya yi zafi, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne ban sami inda ta yi ƙarya ba.

Oga da ya ji sai ya ce, "Kash! Ni ma na ɗauka ka rubuta." Shi ke nan abin da ya ce. Mutumin da na riƙe wa jaka shekara bakwai. Aka yi masa walimar ritaya da shinkafa da lemo, aka ba shi agogon bango, ya koma garinsu. Ni ma na tafa.

Wanda aka zaɓa ya zo har gida ya durƙusa, ya ce, "Yaya, wallahi ban san ba ka rubuta ba. Ni gwadawa kawai na yi." Ban ba shi ko ruwa ba. Na san zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, na san ba shi da laifi, amma ganinsa ma ba na son yi. Ya tafi kwas, aka riƙa aro mai sa barci daga wani gari, yau ya zo gobe bai zo ba. Ni kuma na koma hutun Lahadi, na koma coci, ina zama a bencin baya ina hararar kowa.

Ana nan sai wani likita da ya taɓa aiki da mu ya kira ni a waya. Ya bar gwamnati ya buɗe asibitinsa a Sakkwato. Ya ce ya ji abin da aka yi mini. "Bar musu aikinsu ka zo wurina. Na san hannunka. Ni zan tura ka kwas ɗin." Daɗi ya kama ni har na rasa wurin zama. Amma da na huce sai na fara ganin abin da ke ciki. In na tafi, na zubar da shekara goma sha shida na aikin gwamnati da fanshon da ke bayansu. Matata ba za ta bar rumfarta ba, yara na makaranta a nan, babana ya tsufa a Dabai. In kuma na zauna, wani gurbin ba zai sake fitowa ba sai wanda aka tura ya tsufa, kuma ni zan riga shi.

Kwana da kwanaki ina juya abin. Da safe in tashi na yanke zan tafi, kafin azahar na fasa. Na rubuta takardar ajiye aiki sau biyu na yaga. Matata ta gaji ta ce, "Yanzu ka iya rubutu? Ka je ka tambayi Baba, tunda shi ya ɗora ka a hanyar."

Na hau babur na tafi Dabai wata Asabar da hantsi. Na tarar da babana a gindin ɗorawa yana gyara ƙotar fartanya. Na zauna a ƙasa na ba shi labari da yarenmu, tun daga mai gwaiwa har fayil ɗin Mama. Na ƙare da cewa, "Baba, golmo na yi musu, damina bakwai cif, suka ba wani."

Ya ajiye ƙotar ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"Golmo? Wa ya je ya nema maka?"

Na ce ban gane ba.

"Kafin in sa garma a gonar kakanka, manyana sun je sun zauna da shi, an yi magana, ya amsa, kowa ya ji. Sannan na fara. Kai wa ya amsa maka?"

Na ce ba kowa.

"Kuma ni ba ni kaɗai na yi noman ba. Da sa'o'ina muke zuwa, gari duka na kallo. Ko kakanka ya so musu ba shi da baki. Kai su wa suka gan ka?"

Na ce majinyata sun gan ni.

Ya ce, "Ba ka ce barci kake sa su ba?" Ya yi dariya har ya sarƙe. Ni ban yi ba.

Na ce, "Amma kai ka ce namiji ba ya roƙo da baki."

"Na faɗa, don ku daina kuka ku gama kunyar da ke gabanku. Yara nake korawa aiki. Wanda ya shiga gonar mutum ba a yi magana ba, ba golmo yake ba, taimako ya kai. Sai a ce masa sannu." Ya ɗauki ƙotarsa. Game da tafiya kuwa ya ce ba ruwansa, amma in zan shiga wata gonar, a yi magana tukuna.

Na dawo Zuru raina a jagule. Ina da shekara arba'in da wani abu, sai a ranar na gane rabin labarin kawai na ji.

Na kira likitan nan na Sakkwato. Na ce masa na yarda zan zo, amma ina so a rubuta: yaushe zan tafi kwas, shekara nawa zan yi masa bayan na dawo, ya sa hannu in sa hannu. Sai na ji muryarsa ta canja.

"Haba, ni da kai sai takarda? Ka zo dai ka fara. Ka riƙe mini ɗakin tiyata shekara ɗaya ko biyu, asibiti ya tsaya da ƙafarsa, sai mu ga yadda za a yi."

"Sunan wa za a riƙa rubutawa a littafi, ranka ya daɗe?"

"Akwai wani mai takarda da ke leƙo mu, nasa za a sa. Wannan ai ba matsala ba ce."

Na ce zan yi shawara, amma kafin in kashe wayar na riga na gama. An gudu ba a tsira ba ke nan, sai dai wannan karon a garin da ba ni da kowa. Washegari na tura masa saƙo na ce na gode, ba zan samu zuwa ba. Bai amsa ba, har yau. Na zauna a ɗakin maza, ba don ina so ba, kuma ba zan yi wa kowa ƙaryar cewa na sami kwanciyar rai ba.

Da ƙanin nan nawa ya dawo daga kwas da takardarsa a leda, Mama ta kira ni ofis. Ta ce, "Ɗana, yaron nan ya yi karatu, amma hannunsa bai faɗa ba. Ka riƙa leƙa shi ranar Alhamis mana, kamar yadda ka saba."

Na ce, "A sa a jadawali, Mama. A rubuta cewa an mai da ni ɗakin tiyata."

Ta ce ba ta da ikon sa wanda ba shi da takarda a wurin, in wani abu ya faru ita za a kama.

Na ce, "To ni ma ba ni da ikon zuwa." Na fita ina jin kaina kamar na ci yaƙi. A gida na faɗa wa matata, ta ce, "Yau ka burge ni. Allah ya sa ka riƙe."

Na riƙe wata biyu. Sai wata rana da la'asar, na tashi aiki ina gida ina wanke babur, waya ta yi ƙara. Ƙanin nan nawa ne. Na bari ta katse. Ta sake. A karo na uku na ɗauka na ce, "Mene ne?"

"Yaya, don girman Allah. Mace ce aka kawo daga ƙauye, tun jiya take naƙuda, ɗan ya gaji. Sau uku ina gwada allurar baya ta ƙi shiga. Likita ya ce in ba ta shiga ba sai dai a tura ta gaba, kuma ba za ta kai ba."

Na ce, "Ba kai ke da takarda ba? Nuna wa bayan nata takardar." Na kashe.

Na ci gaba da wanke tayar da na riga na wanke. Matata na bakin murhu, ta ji komai. Na san hanyar da za a bi da matar nan, na san ramukanta ɗaya bayan ɗaya. Na jefar da tsumman na ce, "Allah ya isa!" Ban san ma wa nake yi wa ba. Na tada babur da kumfa a jikinsa, ina zage-zage tun daga ƙofar gida har ƙofar asibiti.

Na tarar da ita a zaune a kan gadon tiyata, yarinya ce ƙarama, ciwo ya sa ta sandare ta kasa lanƙwasawa. Shi kuma gumi ya jiƙa masa hula. Ban kalle shi ba. Na wanke hannu, na sa safa, na yi mata magana da yarenmu, na ce ta kwanta ta gefe, aka tattaro mata gwiwoyi. Na jira ciwon ya lafa. Sau ɗaya na zura, ta shiga. Ba a daɗe ba aka ciro ɗa namiji, ya yi shiru ya yi shiru, sannan ya tsala kuka. Likita ya ɗago ya ce, "Sannunku," ya ci gaba da ɗinki.

Ina cire safar hannu, sai ƙanina ya jawo littafin tiyata ya buɗe a kan tebur. Ya cika sunan matar, da na likita. A gurbin mai sa barci ya tsaya, biro a sama, ya ɗago ya dube ni. Mu duka mun san abin da doka ta ce. Ya sunkuya ya rubuta sunansa.

Sannan ya ce a hankali, "Yaya, a wane gurbin ƙashi ka shiga? Kuma maganin nawa ka ba ta? Zan rubuta."

Na faɗa masa. Ya rubuta ba daidai ba, na karɓi biron na gyara masa da hannuna.